Ranar da Injin Alawa Ya Dubi Gabas

Tun ranar da Waliyyu ɗan Malam Garba ya gyara wa maƙwabciyarsu tocila, gyaran da bai wuce juya batir ba, ya daina amsa sunansa na yanka. In ba ka ce Injiniya ba, sai dai ka yi ta kira har muryarka ta dushe. Ya sayi farin tabarau wanda gilashinsa bai fi na taga amfani ba, ya soke sukundireba a aljihun gaba inda mutane ke soke biro, yana yawo cikin Jega da farar shadda yana duban fankokin jama'a da idon tausayi.

Ana nan aka fara kwasar albasa. Wata safiya Malam Garba ya same shi a zaure yana goge tabarau.

"Waliyyu."

Waliyyu ya ci gaba da goge tabarau.

"Kai Waliyyu!"

"Da ni kaka, Baba?"

"A'a, da akuya nika. Kawunka Ɗantani ya aiko. An kwashe albasa a ƙauyen Kashin Zama, hannu aka nema na zaɓe. Ja gehe guda, hwara gehe guda. Ka shirya ka tahi."

Waliyyu ya dubi tafin hannunsa, mai laushi kamar cikin burodi, ya ji tausayin kansa ya kama shi.

"Baba, wanga ai aikin inji na. Duniya ta wuce nan. Ni zan ƙera injin da za shi raba albasar Aliero duka, Kawu na kwance shina shan hura."

"Kai ɗin? Kai da ba ka rarrabe kaza da zabo sai ta yi kuka?"

Malam Garba bai tsaya musu ba, ya kira Alhaji Ɗantani a waya, ya buɗe muryar wayar, ya maimaita masa abin da Waliyyu ya ce. Alhaji Ɗantani wan mahaifiyar Waliyyu ne, babban dillalin albasa a Aliero, mutumin da dariyarsa ke riga maganarsa isowa. Da ya gama dariyar ya ce, "To madalla da ɗana. Ran kasuwa ka kawo shi rumhwata gaban mutane. In ya raba, in ba ka ɗaki da katako ka yi min babba, kuma in kira ka Injiniya da bakina. In bai raba ba, ka tuɓe shaddar ga, ka zauna ƙasa, ka raba da hannu har albasa ta ƙare."

"Kawu, da alawa zan hwara. Turawa ma da ƙarami suka hwarawa."

"Ko da tsakuwa. Ni dai in ga ja gehe, hwari gehe."

Kayan aiki suka iso daga Legas a hannun Munir direba, abokin Waliyyu. Alawa kuwa Maiyama ya je ya samo wurin Gwaggo Yalwa, ƙanwar babansa mai sayar da kayan zaƙi. Irin 'yan ƙananan nan ne masu kama da ƙwayar magani, ja da kore da ɗorawa da shuɗi da ruwan lemo. Ta ba shi jaka guda tana murna, domin bikin ɗiyarta ya matso, kuma ƙawayen amarya sun rantse sai kore zalla za a raba, don ya dace da anko.

"Ka hidda min koren da injin naka, ka hutar da idona."

"Gwaggo, kamin ki ƙihta ido."

Ga yadda injin yake. A sama akwai gorar ruwa da aka yanke aka kifa ta zama mazurari. Alawa na saukowa ɗaya bayan ɗaya ta gaban wani ɗan ido mai gane launi. Idon ya gaya wa ƙwaƙwalwar injin, ita kuma ta umarci sarbo. Sarbon nan wani ɗan abu ne da bai fi kwalin ashana ba, aikinsa ya juya hannu zuwa inda aka ce masa ya tsaya cak. A hannun nasa aka ɗaura indararo, a ƙasa kuma ga gwangwanayen tumatir jere kamar buɗaɗɗen mafici, kowane launi da nasa. Sarbo uku aka aiko a leda guda, Waliyyu ya ce ai cin fuska ne, shi ɗaya ya ishe shi.

Mutumin da ke koyarwa a bidiyon wayarsa ya yi bayani dalla-dalla: a fara kunna sarbo, a umarce shi ya tsaya a tsakiyarsa, sannan a ɗaura masa hannu yana duban gwangwanin tsakiya. Waliyyu ya tsallake wurin, domin a ganinsa wannan surutu ne na 'yan koyo. Ya ɗaura hannu yadda ya ga dama, ya ɗaure da ƙusa tamau, ya tara maƙwabta a zaure, ya kunna.

Indararo ya zabura, ya wuce gwangwanaye gaba ɗaya, ya je ya daki katakon gefe, ya maƙale yana ƙirrrr, yana karkarwa.

Ƙanwarsa Naja'atu, wadda bakinta ya fi almakashi, ta leƙo daga cikin gida. "Yaya, abin naka masassara ta ka damu nai?"

"Tunani shika yi."

"Au, awa kai ke nan. Surutu da rawar jiki, ba a zuwa ko'ina."

Tsohuwar nan mai tocila ta matso ta leƙa, ta ja da baya. "Injiniya, wanga ba na asibiti ba na. A yi mai hayaƙi."

Waliyyu ya ga mutuncinsa na zubewa, sai ya kama indararo da hannu ya murɗo shi da ƙarfin tuwo. Aka ji ƙarrr, kamar an taka busasshiyar gyaɗa. Haƙoran cikin sarbo sun zube. Daga nan hannun ya koma reto kamar wuyan mushen kaza.

"Na ƙasar Cana na," in ji shi. "Dama na ga alama."

Sarbo na biyu ya ce ba zai sake yarda da ƙusa ba, gam zai sa, mai kamun nan na kura. Ya tsiyaya, ya danna da babban yatsa, ya tsaya yana yi wa maƙwabta bayanin yadda ake aiki a Jamus. Da ya gama bayani ya ɗaga hannu, sai inji ya taso tare da shi. Naja'atu ba ta yi wata-wata ba ta haɗa wayar wuta. Sarbo ya juya dama, Injiniya ya bi shi dama. Ya juya hagu, ya bi shi hagu.

"Kashe! Naja, kashe!"

"Tsaya mu gani ko wane gwangwani za shi sa ka."

Sai da aka kawo ruwan zafi da kananzir kafin yatsa ya fita, ya bar rabin fatarsa a can. Da aka sake gwadawa sarbon ya dinga ɗan tsalle-tsalle a wuri ɗaya, domin ɗan batirin cajin waya da ya haɗa masa ya yi sanyi. Waliyyu ya ce yunwa ce, kuma shi ba ya yi wa ma'aikaci rowa. Ya ciro batirin babur ɗin Malam Garba ya jona masa kai tsaye. Wani siririn hayaƙi ya tashi, zaure ya game da ƙaurin roba.

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwa mai tocila. "Ya yi ma kanshi hayaƙin."

Saura sarbo ɗaya, ga ranar kasuwa ta kawo jiki. Waliyyu ya kori kowa, ya saki labulen zaure, ya rage muryar waya don kada a ji, ya kalli bidiyon nan tun daga sallama. Ya caja ɗan batirin, ya kunna sarbo, ya umarce shi ya tsaya a tsakiya. Ya ɗaura hannu yana duban gwangwanin tsakiya. Sannan ya bi sauran gwangwanaye ɗaya-ɗaya: in indararo ya zarce ya rage lamba, in ya gaza ya ƙara kaɗan, har kowane launi ya san gidansa. Ya saki ja. Zzzt, ƙwal, cikin gwangwanin ja. Ya saki kore. Zzzt, ƙwal. Wallahi abin ya yi. Nan take ya manne gwangwanayen a jikin allo da gam don kada wani mahassadi ya gusar da su, ya murɗe wayoyin wuta ya naɗe da salatif.

Da a nan ya tsaya, da yau wani labarin ake yi. Amma zuciyarsa ta ƙi yarda a ce wani baƙo a cikin waya ne ya koya masa. Dole akwai asirin da shi kaɗai ya gano. Ya ja da baya yana shafa haɓa, sai ya lura indararon, in ya tsaya a tsakiya, bangon da Malam Garba ke shimfiɗa buzunsa na salla yake kallo.

Ya yaye labule ya fito kamar an biyo shi. "Na gano! Jama'a, na gano! Tsakiyar sarbo gabas ta! Na hwarko arewa yad duba, yak karye. Na biyu yamma yad duba, yaƙ ƙone. Wanga ya dubi gabas, ga shi nan shina aiki. Baturen bidiyon ma bai san haka ba."

Tsohuwa mai tocila ta gyaɗa kai. "Ai dut abin da yad dubi gabas ba shi taɓewa."

Naja'atu ta ɗebi kore cike da hannu ta watsa a baki. "Yaya, kai ma da ka riƙa duban can, ko Allah ya sa a dace."

Ranar kasuwa Munir ya ɗauko su da inji a motarsa zuwa Aliero. Tun daga bakin gari warin albasa ya tarye su. A gaban rumfar Alhaji Ɗantani ga manyan tsibi biyu, ja da fara, waɗanda leburori suka wuni jiya suna zaɓa. A tsakaninsu aka jera buhuna har tsayin ƙirji, aka ɗora inji a kai don kowa ya gani. An fuskantar da allon kudu, wajen taron jama'a, domin a goshinsa Waliyyu ya rubuta INJINIYA WALIYYU da jan fenti. Manya kuma suka zauna a benci a gefen gabas, kusa da buhunan, inda inuwar rumfa ta sauka: Alhaji Ɗantani a tsakiya cikin babbar riga, Sarkin Fawa da ƙwaryar furarsa, shugaban direbobi, sai Malam Garba. A ƙarshen benci Gwaggo Yalwa ta kafa kujerarta, ta taso tun daga Maiyama da buhun leda na kwasar kore, Naja'atu na tsaye a bayanta.

Waliyyu ya gyara tabarau ya yi jawabi. Ya ce daga yau hannun ɗan Adam ya huta. Ya ce za a zo daga garuruwan Sarandosa da Katanga a yi layi. Ya ce leburorin zaɓe su fara neman wata sana'a, leburorin kuwa suna tsaye suna jinsa. Sannan ya jona batir, ya naɗe mahaɗin da salatif, sarbo ya yi zzzt ya tsaya a tsakiya, indararo na duban gwangwanin tsakiya daram.

Sai ya daskare.

"Tsaya. Ina gabas a nan?"

Kasuwa guda ta nuna masa bencin manya.

"Subhanallahi! Kun gani? Tahiyar mota ta rikita shi, kudu shika duba. Da ban lura ba da an ji kunya." Ya zaro sukundireba.

Munir ya matso ya yi ƙasa da murya. "Injiniya, in gabas kaka so, mu juya allon gaba ɗai mana."

"Sunana shi koma bayan mutane? Munir, kai direba na, komi sai ka murɗa sitiyari. Injiniya da sukundireba shika aiki."

"To ai gwangwanayen na kudu."

"Shina da ido. Shi nemo su."

Ya kwance ƙusa, ya cire hannun, ya mayar da shi yana duban gabas sak, wato tsakiyar goshin Alhaji Ɗantani, ya ɗaure tamau. Ya juye jakar alawa duka a mazurari.

"Bismillah. Kawu, buɗe ido."

Ta farko ja ce. Ta gangaro ta indararo da gudu, ta wuce bakin allo, ta tashi sama kaɗan, ta sauka ƙwal tsakanin girar Alhaji Ɗantani.



Zzzt. Kore ta faɗa tsulum cikin furar Sarkin Fawa. Zzzt. Ɗorawa ta shige aljihun shugaban direbobi. Zzzt. Shuɗi ta sami Malam Garba a hanci. Zzzt. Ruwan lemo ta daki ɗankwalin Gwaggo Yalwa. Zzzt. Ja kuma, ƙwal, daidai inda ta farko ta sauka.

"Kai! Mi na na haka?" in ji Alhaji Ɗantani yana kare fuska da hannun riga.

"Gaisuwa ta, Kawu. Shina gaida manya kamin shi hwara."

Wani mai kaifin ido a cikin leburori ya gane ana iya hango launi tun alawa na gaban idon inji. Ya ɗaga murya, "Ja! Alhaji, duƙa!" Alhaji ya duƙa, ta tafi da hularsa. "Kore! Sarkin Hwawa, ruhe hura!" Kafin a jima kasuwa duka ta ɗauka, ana kiran launi kamar ana amshi a gaɗa, manya biyar suna duƙawa suna tasowa bi da bi kamar masu daka.

Gwaggo Yalwa ta miƙe tana kururuwa. "Korena! Koren biki cikin hura! Sarkin Hwawa, kada ka haɗiye, na anko na!"

"Hajiya, ni nir roƙe shi?"

"Waliyyu, kashe shi!" in ji Malam Garba.

"Baba, ku lura da kyau! Bai yi kuskure ko guda ba! Dut ja wurin Kawu suka zuwa, dut shuɗi wurinka. Rabo ai ya rabu!"

"Ni gwangwani na, don ƙaniyarka?" in ji Alhaji Ɗantani. Ƙwal.

Waliyyu ya laluba ya kashe, sai ya tuna bai sa makunni ba, wayoyin kuma shi da kansa ya naɗe su da salatif kamar gawa. Ya ja, suka ƙi. Sai ya koma ga tsohuwar dabararsa: ya cafki indararo da hannu biyu ya murɗo shi kudu da ƙarfi.

Ƙarrr.

Naja'atu ta dafe kai. "Shi ke nan, na ukku ya bi 'yan uwa nai."

Indararo ya saki, Waliyyu ya tafi da baya da shi a hannu, gwiwarsa ta ture mazurari. Sauran alawar Gwaggo ta watsu sama kamar an yi ruwan duwatsun ado. Duk yaran da ke kasuwar Aliero, har da waɗanda ba a san suna nan ba, suka yo kansa a guje. Buhun ƙasa ya zame, na sama ya bi shi. Injiniya ya yi ta maza zai tare allonsa, ya taka albasa, ƙafa ta tafi, ya faɗa da bayansa kan tsibin ja. Tsibin ja ya rushe ya gangara cikin tsibin fara. Yara suka bi ta kai suna tono alawa, suna watsa albasa hagu da dama, har ba ka iya cewa ga inda ja ta ƙare fara ta soma.

Da ƙura ta lafa, aka ga tabarau a rataye a kunne ɗaya, farar shadda ta koma kalar miya. Leburorin da aka ce su nemi wata sana'a suka harɗe hannu suna kallon aikinsu na jiya.

Alhaji Ɗantani ya ɗauki hularsa, ya zazzage jajayen alawa daga ciki, ya jefa ɗaya a baki. Goshinsa ya yi ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda.

"Ɗana."

"Kawu, matsalar ƙasar Aliero ta. Akwai ƙarhe cikinta, shina jan..."

"Tuɓe shaddar."

Aka ba shi wata tsohuwar riga ta buhu. Aka share wuri a tsakiyar albasar da ta cakuɗe, aka ajiye kwando a damansa, kwando a hagunsa. Waliyyu ya zauna yana ba bencin manya baya, yana gunaguni, ya ɗauki albasa ɗaya da 'yan yatsu biyu kamar kashin kare.

"A'a, a'a," in ji Alhaji Ɗantani. Ya taso, ya dafa kafaɗunsa biyu, ya juya shi a hankali har ya fuskanci benci. "Kai kac ce inji ba shi aiki sai ya dubi gabas. Yauwa. Tsakiya ke nan. Naja'atu, kunna."

Naja'atu ta matso ta taɓa masa ƙeya da yatsa. "Zzzt."

"Ja!" in ji leburori.

Hannun Waliyyu ya tafi dama.

"Hwara!"

Hannu ya tafi hagu.

Gwaggo Yalwa na gefe tana tsamo korenta daga fura da ludayi, tana faɗin abin da za ta yi masa ranar biki. Wani baƙon ɗan kasuwa da ya iso yanzu ya tsaya ya tambayi abin da ake kallo. Waliyyu ya ɗago, hawayen albasa na zuba, ya gyara karyayyen tabarau.

"Bincike nika. Ina nazarin hannun mutum kamin in ƙera babban."

"Ja!" Hannu ya tafi dama tun bai rufe baki ba.

Alhaji Ɗantani ya koma benci ya miƙe ƙafa, ya dubi Malam Garba. "Ka gani? Wanga kam ya saitu. Ba ƙara, ba hayaƙi, ko batir ba shi ci."

"Shina ci," in ji Malam Garba yana murza hancinsa. "Bari a sauke tuwo ka gani."